Yadda ake kai hari a Clash of Clans a ci taurari uku

Kamfanin Supercell na ƙasar Finland ne ya fitar da wasan waya na Clash of Clans a 2012, kuma abin da ya fi burge ni a wasan har yau doka ce guda: da zarar ka sauke soja a fili, ya fita daga hannunka. Ƙattai makaman tsaro suke nufa, goblin rumbun zinare da eliksa (ruwan da ake tarawa kamar zinare a wasan), maharba kuwa duk ginin da ya fi kusa shi za su harba. Nasara tana wurin da ka sauke su, da kuma wanda ka fara saukewa.

Kafin maganar hari, ka riƙe jem ɗinka, wato duwatsu masu daraja da ake sayayya da su a cikin wasan. Kada ka ɓarnatar da su wajen gaggauta gini, ka tara su don ƙara magina. Magini na uku jem 500 ne, na huɗu 1000, na biyar 2000, kuma sare bishiyoyi da cire duwatsu suna kawo jem kyauta. Ba sai ka taɓa kuɗin aljihunka ba, haƙuri kawai ake so.

Da ka samu garin da za ka buga, za a ba ka daƙiƙa 30 na dubawa. Sababbin 'yan wasa ganimar kawai suke kallo. Kai ka nemo fadar garin, wato Town Hall, ka ga inda makaman kakkaɓo sojojin sama suke, sannan ka zaɓi ɓangare ɗaya da za ka shiga ta nan. Ɗaya tak. Rushe rabin gari tauraro ɗaya ne, fadar ma ɗaya, na uku sai ka share komai cikin minti 3.

To ga inda yawanci ake faɗuwa. Mutum zai danna yatsa ya zube rundunarsa gaba ɗaya a wuri guda, sai ya ga sojoji sun kama zagaye katanga suna sarar barikoki da ma'adinai na waje, makaman ciki kuma suna ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Kamar garken awaki ne, in akwai ciyawa a gefen hanya ba za su miƙe ba. Don haka sai ka fara cire musu abin da zai ja su. Sauke ƙato ɗaya ko biyu a kusurwar dama su sha wuta, ka sa matsafa biyu ko maharba kaɗan a bayansu su cinye gine-ginen wajen. Ka yi haka a hagu. Sannan ka jira. Jiran nan ne ke gagarar mutane, domin agogo na tafiya, yatsa na ƙaiƙayi. Sai ka ga gefe biyun sun zama fili, ba abin da ya rage kusa sai cikin gari, tukuna ka saki sauran ƙattan ta tsakiya.

Masu fasa katanga kuma kada su riga ƙattai. Ransu kaɗan ne, harbi ɗaya ko biyu ya gama da su, a tashi babu ƙofa. Bari makamai su juya kan ƙattai, ka fara tura guda ɗaya ya gwada ko akwai tarko, sannan sauran su bi.

Sihirin warkarwa ka ajiye shi gaban sojojinka, inda za su taka, kada ka jefa inda suka baro. In dodanni masu tashi kake amfani da su, fara da sauke sihirin tsawa kan makaman kakkaɓo sojojin sama. Ka rage maharba kaɗan don ɗan ginin da ake ɓoyewa a can kusurwa.

Supercell ta kyauta da ta cire lokacin horar da sojoji a 2025, yanzu in ka faɗi sai ka sake gwadawa nan take. Abin da nake so su gyara shi ne yankewar intanet: netwok ya ɗauke ana tsakiyar hari, sojojin da ba ka sauke ba sun tashi a banza, ko da yaƙin ƙungiya ne, wato inda ƙungiyar 'yan wasa ke karawa da wata. Kafin su gyara, kada ka buga harin yaƙi sai ka tabbata sabis ya zauna kuma datarka ba ta kusa ƙarewa ba.