Idan iyakwandishan ɗin bas ɗinka ya gaza da rana tsaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu bas da aka gyara ta koma shago ko ɗakin kwana, kuka ɗaya nake ji duk Afrilu: da safe sanyi kamar randa, azahar na yi sai iska mai ɗumi. Don Allah kada ku yi saurin ƙara gas. In ya yi yawa, shi ma rage sanyi yake, ya wahalar da kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin yana zagayawa da shi cikin na'urar.

Ku fara duba kwandensa, wato lagireton da ke fitar da zafi waje. Ƙurar hunturu kan toshe shi, idan zafi ya haura digiri 40 sai ya kasa numfashi, matsin gas ya hau, na'urar ta yanke kanta. A kashe wuta, a wanke shi da ruwa a hankali, kada haƙoransa su lanƙwashe. Sannan a tabbatar fankarsa na gudu sosai, kuma ba a cusa shi a lungun da zafin da ya fitar ke dawo masa ba. A nan masu haɗa na'urar kan yi kuskure.

Wata dabara: auna iskar da ke shiga na'urar da wadda ke fitowa. In bambancin ya kai digiri 10, na'urar lafiyarta lau, jikin motar ne ke shigo da zafi. Fenta rufin da fari, sa soso mai tare zafi ƙarƙashinsa, rufe gilasai da labule, ka faka a inuwa.

Mai aiki da janareto kuwa ya duba waya, siririya mai tsawo tana rage ƙarfin wuta.