Darasi na 7: Duba Gida Kafin a Biya Kuɗinsa

Yawancin masu sayen gida sukan je gani tare da dillali, su zagaya ɗakuna, su leƙa makewayi, sannan a zauna ciniki. Irin wannan zagaye ba ya isa, domin dillali ba ya samun la'adarsa sai ciniki ya faɗa, saboda haka bai kamata ya zama shi ne idon mai saye ba. Abin da ya dace shi ne mai saye ya nemo gogaggen magini wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya biya shi ladan dubawa daga aljihunsa. Idan gidan bene ne, to a kira injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, domin ƙarfin dakin (wato kankaren da ke raba hawa da hawa) da ginshiƙai ba abin da ido kaɗai zai auna ba ne.

Lokacin da ya fi dacewa da dubawa shi ne damina, musamman watan Agusta da ruwa ya fi yawa a ƙasar Hausa, domin a lokacin ne yoyon rufi da kwanciyar ruwa a tsakar gida suke bayyana. Wanda ciniki ya same shi da rani sai ya nemi shaidar da damina ta bari: shatar ruwa a jikin sili, fenti mai kumbura yana ɓarewa a gindin bango, da wani farin gari mai kama da kanwa a saman filasta, wanda yake nuna danshi yana tasowa daga ƙasa. A lura ko daɓen gidan ya fi titi ƙasa, kamar yadda ake samu a tsofaffin unguwanni bayan an yi wa hanya ciko, sannan a tambayi maƙwabta inda ruwan layin yake bi. Su ba su da riba a cinikin.

Tsagewar bango iri biyu ce, kuma nan ne ya kamata a daɗe ana dubawa. Siririyar tsaga mai kamar zare a fuskar filasta ba ta cika zama matsala ba. Wadda ake tsoro ita ce mai tashi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko mai bin layin bulo kamar matakala, musamman idan ta bayyana ciki da waje ko kuma tsinken ashana yana shiga cikinta. Irin wannan takan nuna harsashin ginin yana nutsewa, kuma sau da yawa za a tarar ƙofar wajen ba ta rufuwa daidai. Idan an ga sabon fenti a bango ɗaya tak, a tambayi dalili. Magini ya karce bulo da ƙusa ya ga ko yana zuba kamar yashi, ya hau cikin sili da tocila ya ƙwanƙwasa katako ko azara, domin gara takan cinye ciki ta bar bayan lafiya lau.

Daga nan sai ruwa da wuta. A auna tazarar rijiya da shadda ko sokawe, wadda ma'aikatan lafiya suke so ta kai mita 30, abin da yake da wuya a gidajen cikin birni. Inda ta gaza haka, kada a ɗauki ruwan a matsayin na sha. A kunna kowane famfo da kowane makunni, a kuma nemi takardar kuɗin wuta ta ƙarshe, tun da bashin da ke kan mita yakan jira sabon mai gida.

Takardu su ma ana duba su. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma canja sunan mai takardar mallaka yana buƙatar amincewarsa. A kai lambar takardar ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, a tabbatar da sunan mai ita da kuma cewa ba a jinginar da gidan a banki ba. Gidan gado kuwa ba a biya sai dukan magada sun sa hannu a gaban mai unguwa da shaidu.

Duk abin da magini ya gano a rubuta shi tare da kuɗin gyaransa, a tafi da takardar wajen ciniki domin a nemi ragi, ko mai gida ya gyara kafin a biya, ko kuma a fasa.