Yadda Ake Sauya Kan Harsashi Daga Wani Kamfani Zuwa Wani Ba Tare da Matsi Ya Wuce Kima Ba

A Amurka da wasu ƙasashen Turai, inda doka ta yarda mutum ya ɗura wa kansa harsashin bindigar farauta, akwai matsalar da kowa kan ci karo da ita. Mutum ya saba da kan harsashi na kamfanin Sierra mai nauyin giren 150 (giren ƙaramin awon nauyi ne na kan harsashi da albarushi), sai ya yanke a kasuwa, ga na Hornady ko Nosler mai nauyi iri ɗaya. Shin zai zuba albarushi daidai yadda ya saba? A'a. Nauyi ya zo ɗaya, amma matsin da zai taso a cikin bindiga ba lallai ya zo ɗaya ba.

Abin farko shi ne auna kauri. Kan harsashin .308 Winchester da na .30-06 kaurinsu inci 0.308 ne, na .303 British kuwa ya kai 0.311 ko 0.312. Ido ba ya raba su, don haka ka sa ma'auni, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a kwali kawai.

Daga nan ka ajiye tsohon da sabon gefe da gefe, ka dubi jikinsu da kyau, domin a nan duk maganar take. Sashen da ke goga cikin bututun bindiga ya fi tsawo a wani, kuma yawan guga yawan matsi. Rigar jan ƙarfen da ta lulluɓe dalmar ta fi kauri a wani. Nosler Partition, wanda ya fito tun 1948, yana da katangar jan ƙarfe a tsakiyarsa, don haka ba ya matsuwa kamar mai dalma zalla a ciki. Na Barnes kuwa jan ƙarfe ne gaba ɗaya. Tun da jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, dole kan ya yi tsawo kafin ya cika giren 150, tsawon nan kuma cikin kwanson harsashi yake shiga ya cinye wurin albarushi. Wuri ya ragu, matsi ya hau. Mafarautan Kalifoniya sun san wannan sosai, tun da jihar ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya a 2019.

Sai neman bayanan ɗuri. Fara da littafin kamfanin da ya ƙera sabon kan, domin Sierra, Hornady, Nosler, Speer da Barnes duk suna fitar da nasu. Ka kwatanta da na masu albarushi irin su Hodgdon. Idan alƙaluman suka saɓa, ɗauki na ƙasa. Idan babu bayanin ainihin kan da ke hannunka, za ka iya aron na wani mai nauyi ɗaya da ƙira ɗaya, mai rigar jan ƙarfe da dalma a ciki, amma daga awon farawa kaɗai, wato mafi ƙarancin albarushin da littafi ya bayar. Bayanin mai dalma ba ya hawa kan na jan ƙarfe zalla. Awon da wani ya ce ya yi masa aiki a bindigarsa kuma, a ganina, ba bayani ba ne, hira ce.

Kada ka mance da tsawo. SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin harsashi a Amurka tun 1926, ta sa iyakar tsawon cikakken harsashin .308 Winchester a inci 2.810, iyakar matsinsa kuma psi 62,000. To amma hancin kowane kan da irin lanƙwasarsa. Biyu na iya zuwa tsawo ɗaya, ɗaya ya bar tazara kafin tsagogin bututu, ɗaya ya tokare su, kuma tokarewar nan tana ɗaga matsi nan take. Haɗa guda ɗaya babu albarushi babu furaima (ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi), ka gwada shi a bindigar. Barnes na ba da shawarar a fara da tazarar inci 0.050.

Yanzu ɗuri. Fara daga awon farawa. Inda littafi ya ba da iyaka kaɗai, al'ada ita ce a rage kashi 10 cikin 100, sai dai akwai albarushi masu jinkirin ci da ba a son a rage su da yawa, don haka bi gargaɗin kamfanin. Ɗura uku zuwa biyar a kowane mataki, kana ƙara kamar rabin giren a kwanso mai girman .308, ka rubuta komai. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda: kwanso, furaima da albarushi su tsaya yadda suke.

A filin harbi, sa tabarau na kariya, ka fara da mafi ƙanƙanta, kana duba kowane kwanso. Sakata ta yi tauri wajen buɗewa, ko gindin kwanso ya fito da tabo mai sheƙi, ko furaima ta baje ko ta huje, tsaya nan, sauran kuma ka warware su a gida. Sai dai alamun nan kan makara, wani lokaci ba sa bayyana sai matsi ya riga ya zarce iyaka. Na'urar auna gudu ta fi su gaskiya: idan gudun ya kai na iyakar littafi alhali albarushinka bai kai ba, to ka iso iyakar bindigarka, musamman in bututunka bai fi na gwajinsu tsawo ba. Koma baya mataki ɗaya ko biyu, sannan ka sake saita madubin hangen, domin sabon kan ba lallai ya sauka inda tsohon ke sauka ba.