Kunna fitilar gurbi kafin ka zare faifai daga sabar

Akwatin faifan ajiyar bayanai (hard disk) mai gurbi 24 ko 60 da ake haɗawa da sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, yana da ƴar ƙwaƙwalwarsa da ke lura da fankoki, zafi, wutar lantarki da fitilun kowane gurbi. Ana magana da ita ta ƙa'idar SES (SCSI Enclosure Services, hanyar da kwamfuta ke sadarwa da akwatin faifai), kuma a Linux abin da na fi dogara da shi shi ne umarnin sg_ses, wanda ke cikin kunshin manhaja na sg3_utils. Babban amfaninsa a wurina guda ne: idan faifai ya mutu, in san wanda zan zare ba tare da kame-kame ba.

Fara da gano akwatin:

lsscsi -g

Layin da aka rubuta enclosu a jikinsa shi ne akwatin, a ƙarshensa kuma za ka ga suna irin /dev/sg5. Idan akwatin na da hanyoyin haɗi biyu zai iya fitowa sau biyu, kada wannan ya ruɗe ka, abu ɗaya ne. Daga nan ka duba lafiyarsa:

sg_ses --join /dev/sg5

Bayanin yana da tsawo, amma a ciki za ka ga gudun kowace fanka, zafin da na'urori suka auna, da halin kowane gurbi.

Yanzu wurin da ake bukatar natsuwa. A ce faifan da Linux ya sa wa suna sdk ne ya lalace. Sunan sdk ba ya nuna maka inda faifan yake zaune, domin ana raba waɗannan haruffa ne bisa wanda aka fara gani lokacin tashin kwamfuta, gobe yana iya zama sdm. Lambar gurbi ma ba abin yarda ba ce ɗari bisa ɗari: wasu akwatunan daga 0 suke fara ƙirga, alhali lambar da aka buga a jikin ƙarfen daga 1 ta fara. Abin da ba ya sauyawa shi ne adireshin SAS na faifan, wato lambar da ake gane shi da ita a kan hanyar haɗi ta SAS. Samo shi da lsscsi -t, zai fito kamar sas:0x5000c500 da sauran lambobi a bayansa. Sai ka ba akwatin wannan adireshi:

sg_ses --sas-addr=0x5000c500a1b2c3d5 --set=ident /dev/sg5

Fitilar gurbin za ta fara ƙyaftawa. Kafin ka tashi daga kujera, rubuta lambar siriyal da smartctl -i /dev/sdk ya ba ka, in har faifan yana amsawa. Da ka zaro shi, gwada ta da wadda ke kan takardar jikinsa. Ni ba na tsallake wannan ko da ana jirana, domin a RAID 5 (rukunin faifai da ke jure rashin faifai ɗaya kawai) da ya riga ya rasa faifai ɗaya, zare mai lafiya yana durƙusar da rukunin gaba ɗaya.

Bayan ka saka sabo, adireshin ya sauya, don haka kashe fitilar da lambar gurbin da --join ya nuna (a wannan misali, 7):

sg_ses --dev-slot-num=7 --clear=ident /dev/sg5

Wanda ke da kunshin ledmon zai iya taƙaita aikin da ledctl locate=/dev/sdk, ya kashe da locate_off, idan na'urarsa ta karɓa.

Fankoki kuwa, sg_ses na iya sauya gudunsu, amma shawarata ka bar akwatin ya sarrafa kayansa. Rage musu gudu saboda ƙara yana dafa faifan da ke layin baya. Idan zafi ko fankar sabar kanta kake son gani, wannan aikin ipmitool sensor ne.