Darasi Na Shida: Canja Lambar Katin Sadarwa Duk Lokacin Da Kwamfuta Ta Tashi

'Yan'uwa, kowace kwamfuta tana da katin da take shiga intanet da shi, kuma katin yana da lambarsa tun daga masana'anta. Sunanta adireshin MAC. Haruffa da lambobi ne guda 12, an jera su biyu-biyu, kamar haka: 02:1a:4c:7e:90:33. Duk waifai ɗin da kuka shiga, a otal ko a makaranta, yana ganin lambar nan, kuma da ita zai gane ku idan kun dawo gobe. Dalilin canja ta ke nan. Da Ubuntu za mu yi aikin, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi.

Ku buɗe baƙin allon nan da muke rubuta umarni, wato Terminal. Ku rubuta:

ip link show

Ku danna Enter. Za ku ga sunan katinku, wlan0 ko wlp2s0 ko makamancinsu. Ku kwafe shi a takarda, tare da lambar MAC ɗin da ke ƙarƙashinsa. Ni wlan0 zan riƙa rubutawa, ku kuwa naku za ku sa. Sai ku sauko da manhajar:

sudo apt install macchanger

To, ga inda kusan kowa ke tuntuɓe. Ba a canja lambar kati yana kunne. Bakanike ba ya cire taya mota tana tafiya. Sai an kashe katin tukuna:

sudo ip link set wlan0 down

Kun kashe? Ku sake dubawa. Intanet zai yanke, kada ku firgita, alamar kun yi daidai ce. Yanzu ku canja:

sudo macchanger -r wlan0

Sannan ku kunna:

sudo ip link set wlan0 up

A kashe, a canja, a kunna. Ku faɗa da baki sau uku. Idan allon ya ce muku "Device or resource busy", babu abin da ya lalace, katin ne ba ku kashe ba. Ku koma layin da ya ƙare da down. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma gaskiya abin yana damuna. Aji bayan aji, ina faɗa ina maimaitawa, sai mutum ya tsallake layin nan ya ɗaga hannu wai kwamfutarsa ta ƙi. Haba jama'a! Layi ɗaya ne fa. A kashe tukuna.

Saura ta riƙa yi da kanta, domin da zarar an sake kunna kwamfuta, tsohuwar lamba za ta dawo. Ku zuba layukan uku na kashewa, canjawa da kunnawa a fayil mai suna /root/canja.sh, ku cire kalmar sudo daga kowane layi, na kashewa a sama. Ku rubuta sudo chmod +x /root/canja.sh, sannan sudo crontab -e, wanda zai buɗe jadawalin ayyukan da kwamfuta ke yi da kanta, ku ƙara wannan a ƙasa:

@reboot /root/canja.sh

Masu Windows 10, ku shiga saitin waifai ku kunna "Random hardware addresses".

Aikin gida: ku sake kunna kwamfutar, ku rubuta ip link show, ku gwada lambar da ta jiya.