Fitilar UV a cikin AC: yadda ake saka ta da abin da ba za ta yi maka ba

Duk wanda ya taɓa kunna AC a Kaduna bayan ruwan farko ya sauka ya san warin nan da nake nufi, kamar tsumman da aka manta a bokiti kwana uku. Wasu sai su fesa turare, wasu su ce gas ne ya lalace. Ba gas ba ne wallahi, fumfuna ce. Ni aikina kenan gyaran AC, kwanaki na buɗe wata a wani gida a Barnawa, Hajiyar gidan tana ta kukan cewa ƙaramin ɗanta mai asma ba ya barci sai tari, da na haska tocila cikin fankar nan mai kama da gora sai ga baƙin ɗigo-ɗigo ko'ina, tiren da ruwa ke taruwa kuwa har yauƙi yake kamar miyar kuɓewa. Na ce Hajiya zo ki gani da idonki, wannan iskar yaron nan yake shaƙa kullum da dare.

To a irin nan ne fitilar UV ke da amfani. Hasken da ake nema shi ake kira UV-C, fitilun da aka fi sakawa suna bada shi a nanomita 254 (ma'aunin da ake bambance nau'in haske da shi kenan), kuma aikinsa lalata ƙwayar halittar fumfuna da bakteriya da bairos ta yadda ba za su iya hayayyafa ba. Koyil ɗin AC, wato ƙarfen nan mai sanyi da ke bayan filta wanda iska ke ratsawa, kullum a jiƙe yake ga duhu, ita kuwa fumfuna abin da take so kenan, idan ka sa fitila tana haska shi dare da rana sai ta rasa wajen zama. Amma kada wani ya yaudare ka cewa duk iskar da ta wuce ta gaban fitilar ta zama tsarkakakkiya, iskar gudu take, cikin ƙiftawar ido ta wuce, hasken kuma yana buƙatar lokaci kafin ya kashe abu. Sannan ƙurar hunturu da ke rufe mu daga Nuwamba har Fabrairu babu ruwan fitila da ita sam, wannan aikin filta ne. Hayaƙin janareta ma haka.

Shi ya sa matakin farko ba sayen fitila ba ne, wanki ne. Kashe wuta daga bireka, ciro filta ka wanke da ruwa da sabulu ka shanya a inuwa, a wanke koyil da fanka, a zuba ruwa a tire a tabbatar bututun yana fitar da shi waje ba ya toshe. Hasken nan ba ya ratsa datti, in ka ɗora shi kan koyil mai dauɗa saman kawai zai taɓa, na ƙasa suna nan suna sha'aninsu.

Wajen saye kuma a nan mutanenmu ke asarar kuɗi. Akwai ƙananan fitilu masu haske shuɗi ko ruwan goda da ake sayarwa da sunan UV, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, wannan UV-A ce, ba ita ake nufi ba. Duba kwalin ka ga an rubuta UV-C da lambar 254, in ta LED ce za ka ga lamba tsakanin 260 zuwa 280. Ka kuma tabbatar an rubuta ba ta fitar da iskar ozon, domin akwai masu bada haske a nanomita 185 da ke ƙirƙirar ozon, shi kuma yana ƙona maƙogwaro da huhu, mai asma ba abin da zai ƙara masa sai wahala. In ka kunna ka ji wani wari mai kaifi kamar na wajen injin fotokwafi, kashe ta kawai. Sai ka duba ta dace da wutarmu ta 220 zuwa 240, don wasu na Amurka 110 ne ko 24.

Inda abin ya fi zama daidai shi ne manyan AC masu bututun iska a cikin silin, irin na otal da asibiti da wasu manyan gidaje. Can sai a huda jikin akwatin, a kafa fitilar tana kallon koyil da tiren ruwa, a rufe ruf babu mai ganinta, a haɗa makunnin da zai kashe ta da zarar an buɗe ƙofar akwatin, a liƙa takardar gargaɗi don mai gyaran da zai zo gobe. Duk wayar wuta ko roba da hasken zai taɓa a naɗe ta da tef na alminiyam, saboda UV-C na cin roba a hankali har ta bushe ta fara farfashewa.

Amma yawancinmu a Kaduna AC ta bango muke da ita, kuma gaskiya a nan nake jan kunne. Jikinta duk roba ne, bakinta kuma a buɗe yake yana kallon gado. Kada ka yarda wani ya rataya maka doguwar fitila tsirara a ciki. Ko dai ka nemi ƙaramar da aka ƙera musamman don irin wannan AC mai murfin da ke tare hasken, ko in za ka sayi sabuwa ka nemi wadda kamfani ya saka mata tun daga can. Bayan an saka, in ka tsaya a ko'ina cikin ɗakin kana hango ƙwan fitilar kai tsaye ta bakin AC, aikin bai yi ba, a cire.

Dalili kuwa ido. Je ka Panteka ka tambayi masu walda yadda dare ke kasancewa ranar da yaro ya kalli wutar walda ba gilashi, ido ya yi ja, hawaye, kamar an zuba yashi, kuma ba nan take yake farawa ba sai bayan wasu awanni. To ciwo ɗaya ne da na wannan fitilar, fata ma tana ƙonawa. Don Allah kada a kunna ta a hannu wai ana gwaji, balle yara na kusa.

Kula da ita ba wuya. Kada ka taɓa gilashin da hannu tsirara, maiƙon yatsa na rage hasken, sa safar hannu, duk bayan wata biyu ko uku ka kashe wuta ka goge da auduga da ɗan sifirit, lokacin hazo ma fiye da haka. Yawancin ƙwayayen fitilar ana ba su kusan awa 9000 ne, wato shekara guda in tana ci ba tsayawa, kuma abin da ke ruɗar mutane shi ne bayan ƙarfinta ya tafi za ta ci gaba da bada shuɗin haskenta kamar lafiya lau. Ga ɗauke wuta da kawowa da muke fama da shi, yawan kunnawa da mutuwa na rage mata kwana, saboda haka rubuta ranar da aka saka a jikin murfin da alƙalamin maka, ni nakan ce a canza a watan Afrilu kafin damina ta kankama. Tsohon ƙwan kuma akwai zaiba a ciki, kada a jefa shi bola inda yara ke tsince-tsince, a mayar da shi kwalinsa a ba mai gyaran, in kuma ya fashe a ɗaki a fitar da kowa a buɗe tagogi, a kwashe da kwali da safar hannu, banda tsintsiya.