Yadda Ake Zaɓar Wa Tsofaffi Ƙararrawar Kare Kai da Koya Musu Amfani da Ita

Ƙararrawar kare kai 'yar na'ura ce da ba ta wuce girman makullin mota ba. Ana zare wani ɗan fil da ke jikinta, sai ta saki ƙara mai tsanani, kuma ba ta yin shiru sai an mayar da fil ɗin. Galibinsu ƙararsu na kaiwa desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 120 zuwa 130, alhali hirar yau da kullum ba ta wuce kimanin 60 ba. Aikinta shi ne ta razana mai mugun nufi, ta kuma jawo hankalin jama'a. A ganina ta fi makami dacewa da dattijo, domin ba ta buƙatar ƙarfi, kuma ko an ƙwace ta ba za a iya cutar da shi da ita ba.

Da farko, kafin ku saya, ku dubi hannun wanda zai riƙe ta. Yatsun da amosanin gaɓɓai ya kama ba sa iya tsinke ƙaramin fil, balle a cikin firgici. Ku nemi mai babban zobe ko madauri, wadda yatsa zai shiga a fizge lokaci guda. Akwai masu madanni, sun fi sauƙin kunnawa, sai dai sukan tashi da kansu a aljihu, kuma maharin zai iya kashe su da dannawa ɗaya. Sai batun wuta: wasu ana yi musu caji, wasu suna aiki da ƙananan batura irin LR44. Idan Baba ko Mama na yawan mantuwa, mai batir ta fi. Amma a ɓoye baturan daga jikoki, domin idan yaro ya haɗiye ɗaya, yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa 2.

Na biyu, inda za ta zauna. Nan ne mutane da yawa ke yin asarar kuɗinsu. Ƙararrawar da ke ƙasan jaka, ƙarƙashin magunguna da tabarau, ba ta da amfani, kuma jakar ce ma abin da ɓarawo zai fara fizgewa. A ɗaura ta a wuyan hannu ko a maƙale a ɗamara, a gefen hannun da ba ya riƙe sanda. Idan a wuya za a rataya, igiyar ta zama mai tsinkewa da zarar an ja ta da ƙarfi, kada ta zama abin shaƙewa.

Na uku, gwaji, kuma kada ku yi gaggawa a nan. Ku fita fili, a miƙe hannu nesa da kunne, domin ƙara irin wannan tana iya yi wa ji lahani. Mai amfani da na'urar ƙara ji ya rage ta tukuna. Ku toshe ramin da ƙarar ke fitowa da babban yatsa, dattijon kuma ya zare fil ɗin, ya mayar. Za ku ga a karon farko ya zabura, wataƙila har ya sake ta ta faɗi. Gara hakan ta faru a gabanku. A maimaita har hannu ya saba, ido a rufe, a tsaye da a zaune. Mayar da fil ɗin ma sai an koya, don raminsa ƙarami ne.

Na huɗu, ku jiyar da maƙwabta da mutanen gida ƙarar. Wanda bai san ta ba zai ɗauka jiniyar mota ce, ya ci gaba da sha'aninsa. Ku gaya musu a fili: in kun ji wannan, ku fito.

Idan mai mugun nufi ya zo, a zare fil ɗin da wuri, tun mutum yana matsowa, ba sai ya kai hannu ba. Dattawa da yawa kunya ke hana su, suna tsoron a ce sun tara jama'a a banza. Ku cire musu wannan. A haɗa da ihun neman taimako, a nufi inda haske da mutane suke, a bar masa jakar in ita yake so. Ba a kokawa.

Tana kuma amfani idan an faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 abin ya fi shafa. Saboda haka a shiga banɗaki da ita, a kwana tana kusa da gado. Sai dai na kusa kaɗai ke jin ta, bango da nisa suna rage mata ƙarfi. Wanda ke zaune shi kaɗai yana buƙatar ƙarin na'ura mai kiran wayar 'yan uwa ko jami'an agaji.

Ku gwada ta sau ɗaya a wata. Da kun ji ƙarar ta dusashe, ku sauya batir ko ku sa ta a caji a ranar.